Saƙon da Na Mayar Daga Bayan Ƙyauren Zaure

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da masu karantawa. Ni tsohuwa ce a Ƙofar Wambai, nan Bauchi. Ban yi karatu ba, wata maƙwabciyata tsohuwar malamar makaranta ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma ta rantse mini ba zai fita daga bakinta ba. Don Allah ku bari in kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, ni ma na daɗe da yanke wa kaina.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai tsaron raga ne a wata babbar ƙungiyar ƙwallo ta garin nan. Katanga ake ce masa a fili. Shekara tara yana wannan aiki, har ranar da aka kawo mini shi a bayan a-kori-kura, gwiwarsa ta dama ta juya. Wata huɗu yana kwance, maɗori yana zuwa yana komawa, ni nake ɗaga shi, ni nake kai masa ruwan alwala. Mahaifina ya zo dubiya, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Ga abin da wasan yara ke jawo wa magidanci." Tun daga ranar na tsani ƙwallo har cikin raina.

Yana da amini a ƙungiyar, Kirista ne daga kudancin jiha, zan kira shi Bitrus. Kun san gidajenmu, namiji baƙo ba ya wuce zaure, sai dai ya yi sallama a amsa masa daga ciki. Wata rana da hantsi Bitrus ya yi sallama, maigida ya sha magani yana barci. Na tsaya a bayan ƙyaure, ya ce, "Uwargida, ki gaya wa Katanga an samo masa aiki. Wata makarantar sakandare na neman mai koyar da ƙwallo, na ce babu kamarsa. Ko a zaune ne zai iya." Na ce to. Ban faɗa ba. Ya dawo bayan kwana uku, na ce yana tunani. A zuwa na uku na shiga ɗaki, na tsaya a kan mutumin yana barci, na fito na ce, "Ya ce ya gama da ku da ƙwallonku, kada wanda ya sake zuwa ƙofarsa." Bitrus ya ce, "Shi da bakinsa?" Na ce da bakinsa. Har yau ina jin ƙarar takalminsa yana fita.

Da maigida ya miƙe sai ya koyi ɗinki, ya buɗe shago a Wunti. Shekara talatin da ɗaya yana taka keke da ƙafar hagu kaɗai. Ya ciyar da mu, ya aurar da 'ya'ya, mahaifina ma ya dawo yana yaba masa. Amma in aka fara sharhin wasa a rediyon shagon kusa, sai ya tashi ya tafi masallaci ko lokaci bai yi ba. Yakan ce mini, "Shekara tara ina tare musu raga, Hajiya, da na faɗi ko mutum ɗaya bai riƙe ni ba. Har Bitrus." Ni kuwa sai in zuba masa miya in ce a bar wa Allah. Wace irin mace ce ke jin wannan ta ci gaba da zuba miya? Sau nawa na buɗe baki na rufe? In suka haɗu a kasuwa maigida ya kau da kai, shi kuma Bitrus ya ɗauka saƙona ne ke tabbata.

Bara ya rasu. Daf da cikawarsa hankalinsa ya koma fili, yana miƙa hannuwa kamar zai cafe wani abu, yana cewa, "Bitrus, koma baya, rufe hagu." Ina zaune a gefensa ina kuka, 'ya'yana suna zaton kukan rabuwa ne kawai. Da Bitrus ya zo gaisuwa da sandarsa, babban ɗana ya ƙi ba shi hannu, ya ce, "Yanzu ka tuna da shi?" Dattijon ya juya ya tafi, ina kallo ta tagar ɗakin takaba. Yanzu ko yaran unguwa suka buga ƙwallo ta daki katangarmu sai gabana ya faɗi.

Makon jiya matar Bitrus ta zo har ɗakina. Ta ce ɓarin jikinsa ya shanye, magana da ƙyar take fita, likita ya ce a yi ta addu'a. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai a tambaye ki me ya yi wa Katanga, yana so ya nemi gafara kafin ya tafi." Na ce mata zan zo.

In na je na faɗi gaskiya, 'ya'yana za su san uwarsu ce ta raba ubansu da amininsa da aikin da yake so, kuma wanda ya fi cancanta ya yafe mini yana kabari. In na yi shiru, mutumin nan zai mutu yana neman gafarar laifin da bai yi ba. An ce kwanakinsa ba su da yawa, gyalena yana rataye a ƙofa tun jiya na kasa ɗauka. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?