Depo ɗin Yaya Sani

Garwa, daren Laraba

Yau ma Yaya Sani ya zo kiyos ɗina, ɗan shagon da nake tura kuɗi ta waya, sau uku. Kowane zuwa sai ya miƙo kuɗi ya ce, "Ladi, yi mini depo," wato in saka masa kuɗin a wayarsa, idonsa na kan wayar. Cacar Fir'aunan nan ce, mai hotunan zinariya da ke juyawa. Kiɗanta ya zauna mini a kunne har cikin salla. A zuwa na uku kuɗin warin banda suke yi. Na gane na kifin tafkin Lagdo ne da Baba ya ba shi ya sayar.

Na ce, "Yaya, ka bari haka mana." Ya ce, "Kan Fir'auna biyu suka jeru ɗazu, saura ɗaya. Ke dai yi aikinki." Na yi. Shi ya buɗe mini kiyos ɗin nan da mijina ya rasu, da wane baki zan hana shi? In na ƙi, zai tafi kiyos na bakin titi, duk unguwarmu ta Pumpumre ta ji.

Da la'asar matarsa Hadiza ta biyo. "Ladi, don Allah, wata mace yayanki yake tura wa kuɗi?" Na rantse mata babu mace. Ta yi ajiyar zuciya, ta sa mini albarka, ta tafi da murnarta.

Ban yi ƙarya ba, amma tuwo ya ƙi shiga. Gobe Baba zai zo kiyos ya tambaye ni ko kuɗin kifi sun shigo, kuma na san Yaya zai riga shi zuwa neman wani depo.