Robar da Ta Yi wa Ummi Girma

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki, na rubuto miki ne saboda zama ya gagare ni. Na share tsakar gida na sake sharewa, na kwashe shanya tun ba ta bushe ba. Hadari na haɗuwa ta gabas, ga takwararki Ummi ta fara tarin nan nata tun safe.

Ba ki san ta ba, Inna, bayan rasuwarki na haife ta. Goshinki ta ɗauko, ta haɗa da taurin kanki. Ƙirjinta ne dai ba ƙwari, da sanyin damina ya shigo sai numfashi ya riƙa yi mata wuya.

Bara mun zo gida Gwandu suna, abin ya tasar mata da rana tsaka. Na saɓe ta muka hau kabu-kabu sai asibiti. A ɗakin gaggawa akwai oksijin, har na ce alhamdulillahi. Sai nas ta ɗauko robar da ake kifawa a hanci da baki, ashe ta manya ce. Ta rufe wa Ummi fuska har idanu, iskar na zurarewa ta gefe, ina jin sanyinta a yatsuna. Baiwar Allah ta yi ta cusa auduga tana manna filasta. Ta ce ta yara babu, sai dai Birnin Kebbi. Da tafin hannuna na danne robar nan har la'asar, kuma Allah ya sa da sauran kwana.

A zaunen nan ke na yi ta tunawa. Kin tuna duman da kike shukawa a jikin danga? Kikan ware ƙananan ki fafe su da kanki, kowane yaro da ludayinsa. Ranar da na ɗauki na Baba zan ba autanmu kunu, kika fizge kika ce, "Ke, dubi bakinshi ki dubi ludayin nan! Shaƙe min shi za ki yi?"

Ko a kasuwa, Inna, akwai ƙaramar buta, akwai ƙaramin takalmi. Sai inda ake ceton rai ne za a ce komai na manya ne? Abin nan na ci min rai, wallahi. Ni da ina da iko, doka zan sa: duk asibitin da ya buɗe ɗakin gaggawa dole ya ajiye kayan yara, robar numfashi da siririyar allurar ƙarin ruwa da sauransu, in babu a tambayi dalili. Na faɗa a gidan biki, na faɗa a makarantar Islamiyya, har Baban Ummi na tsokanata wai na zama rediyon Kalgo.

Bayan mun dawo daga Gwandu ya sayo min ƙaramar robar a Birni. Kullum tana cikin jakata, ko gidan maƙwabta ba na shiga ba tare da ita ba.

Jiya na je asibiti dubiya, sai ga wata mata daga Dangoma da ɗanta a kafaɗa, bai kai Ummi ba, ƙirjinsa na sama yana ƙasa. Na ga an ɗauko robar manya, na ga an jawo auduga. Ban san lokacin da na zuge jaka na miƙa musu robar Ummi ba. Ta zauna masa daidai, Inna, kamar don shi aka yi ta. Na baro su yana barci da ita a fuska, ina ni ina cewa a cire?

Na san abin da za ki yi ke nan, shi ya sa ban yi nadama ba. Amma ina jin tsoro, Innata. Na zaga kemis-kemis na garin nan babu. Baban Ummi ya hau mashin ya tafi Birni neman wata, har yanzu shiru, ga yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Sai in sa hannu cikin jakar in lalubo, alhali na san babu komai.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Allah ya ba yaron Dangoma lafiya, ya dawo min da mai gidana kafin ruwan nan ya yi ƙarfi. Bari in tsaya nan, ga Ummi can tana tari.

Ɗiyarki da ke kewarki,
Maman Ummi, Kalgo