Duk Sama Suka Harba

Talata, 3 ga Yuni, 2025

Na iso Zuru da la'asar. Baba na bakin ƙofa da rediyonsa, ya ce, "Dakta ta tuna hanyar gida." Idonsa na hagu ya ƙara fari.

Jami'a ta ba ni hutun bincike na wata uku. Shekara goma sha bakwai ina hira da waɗanda suka sha duka a zamanin mulkin soja: 'yan ƙwadago, ɗalibai, matan kasuwa. Wanda ya duba daftarin littafina layi ɗaya ya rubuta, wai ina muryar masu dukan? Gaskiyarsa. To ga ni a garin da da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani cikin kaki a bango ba. Har da namu.

Juma'a, 6 ga Yuni

Tsarin bai canza ba. Mutum ya sa hannu a takardar yarda, in ba shi lamba, sunansa ba ya fitowa ko'ina. Ba a hira da dangi. Haka nake koya wa ɗalibaina, har na taɓa kayar da wani a kan wannan.

Uku na samu yau, a gindin mangwaron da tsofaffin soja ke dara. Na tambaye su batun Legas, Yulin 1993, da mutane suka cika titi bayan soke zaɓe. Duk ukun suna can. Duk ukun sun ce sama suka harba.

Litinin, 9 ga Yuni

Bakwai ke nan. Sama.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ranar Dimokuraɗiyya. Rediyo sai jawabi. Baba ya rage murya ya ce, "Kin bi kowa, har da wanda ko faretin safe bai iya ba. Ni ba a tambayata?" Na yi masa bayanin ƙa'ida. Ya ce ashe boko ma yana da kunya irin ta surukai.

Ina da shekara tara lokacin, muna barikin Legas. Abin da nake tunawa kaɗan ne. Wata rana ya dawo ya wanke takalminsa da kansa a bayan ɗaki, alhali aikina ne, kuma ya kore ni da na kawo buroshi. Ban taɓa rubuta wannan ba. Ba hujja ba ce, tunanin yarinya ne.

Laraba, 18 ga Yuni

Na je garin Dabai a kan acaba, laka har gwiwa. Mutum na goma sha ɗaya shi ne Baba Yusha'u, tsohon kofur. (Na rubuta sunan. Ba komai, wannan littafin nawa ne.) Na same shi yana noma, ya jingine fartanya muka zauna. Sama shi ma.

Da na kashe rakoda sai ya yi dariya. "Ɗiyata, in duk sama munka harba, ai tsuntsaye ya kamata a binne." Na ce in kunna? Ya ce a'a. "Ki tambayi Saje Dawuda. Shi ke gaba."

Na ce na gode. Na ma rubuta sunan a takarda kamar ban san ubana ba.

Asabar, 21 ga Yuni

Goma sha uku. Sun isa babi guda, kuma mai kyau: yadda mutanen da ba su taɓa zama sun ƙulla ba suke ba da amsa ɗaya bayan shekara talatin da biyu. Za a so shi a taron masana. Ba na bukatar Baba.

Tsoro nake ji, in za a faɗi gaskiya. Sunana, Hannah Dawuda, shi ne a bangon littafin. Matan Legas ɗin nan da na yi hira da su sun ba ni kujera, sun ba ni ruwa, ɗaya ta buɗe akwati ta nuna mini rigar marigayi ɗanta. Da suka tambayi aikin mahaifina cewa na yi ma'aikacin gwamnati ne. Ba ƙarya ba ce dai.

Talata, 24 ga Yuni

Na fito da hantsi na tarar Baba ya jera kujera biyu a tsakar gida, ya sa kayan cocinsa. Takardar yarda tana hannunsa, daga jakata ya ɗauko. Ya ce, "Kunna abin."

Minti arba'in da bakwai. Wata mararraba, taya na ci da wuta, mutane riƙe da ganye suna waƙa. Hafsansu ya ba da oda. Karo na farko sama Baba ya harba. Mutane ba su watse ba, aka sake ba da oda, sai ya sauke bakin bindiga. Wani mutum da tef ɗin awo a wuya, da alama tela ne, ya faɗa cikin kwata. Na tambaye shi ko ya tabbata harsashinsa ne, tunda da yawa suka yi harbi. Tambaya ce da zan yi wa kowa. Ya ce, "Na ga inda na auna."

Mama ta rasu ba ta sani ba. Fasto ma bai sani ba.

Na saurari wani yanki daga baya. Muryata lafiya lau, kamar ina tambayar kuɗin tumatir. Ban san ko abin yabo ne ba.

Da za mu tashi ya matso da takardar kusa da idonsa mai gani, ya ce in nuna masa layin ɓoye suna. Na nuna. Ya soke shi da biro. "Shekara ashirin da biyu ina amsa lamba. Kada ki ƙara mini wata."

Laraba, 25 ga Yuni

Ban kwafe hirar a rubuce ba. Tun da na fara aikin nan ban taɓa barin hira ta kwana ba. Na ci abinci a ɗaki.

Litinin, 30 ga Yuni

Na kira Nasiruddeen, abokin aikina a sashe. Shawararsa: a ba shi lamba ta goma sha huɗu, ko a bar hirar gaba ɗaya, tunda dama ta saɓa ƙa'ida. "Kin san abin da za a ce. Kin san ƙofofin da za su rufe." Na sani. Ni ma abin da zan gaya wa wani ke nan.

Baba ya je gindin mangwaro ya faɗa musu da bakinsa. Yau bai je dara ba, jiya ma. A coci, mutum biyu daga cikinsu sun wuce shi ba gaisuwa. Baba Yusha'u ya aiko da ƙwan zabi, ba saƙo.

Haushinsa nake ji, kuma ban san na me ba, harbin ko faɗar.

Asabar, 5 ga Yuli

Na kwafe. Shafi goma sha ɗaya. Ruwa tun safe.

Talata, 8 ga Yuli

Na aika babin. Sunan yana nan yadda yake. Na ƙara sakin layi a gabatarwa mai faɗin ko 'yar wace ce marubuciyar, da ƙa'idar da ta taka. Dalilin na aiki ne kawai: mai amsa ya nemi haka a rubuce, kuma mai karatu yana da haƙƙin sani. Gobe zan kira matar nan mai akwati, kafin ta gani a littafi. Ban shirya abin da zan ce ba.

Da yamma na ga takalmin Baba na coci a bakin ƙofa, duk laka tun ranar Lahadi. Na ɗebo ruwa na wanke. Yana zaune yana ji, bai kore ni ba.