Ingilishin Mushe Habu

Talata, bayan isha'i

Allah ya isa tsakanina da malamin nan, Mushe Habu! Shekara biyu ina takawa daga Birni zuwa Zango yana koya mini Ingilishi, ashe na matattu ne.

Yau na je neman aikin tafinta. Baturiyar da ke ɗaukar ma'aikata ta ce direbansu ba shi da lafiya. Na dafe ƙirji yadda ya koya mini, na ce, "Alack!", wato kaico. Ta yi dariya har da hawaye, wai ko kakar kakarta ba ta faɗin haka. Wani Bakano aka ɗauka.

Da na gaya wa Mushe, ko kunya babu, ya ce, "Ɗana, ita ce ba ta iya yarensu ba."

Tsohon littafinsa yana hannuna. Gobe mai tsire zai naɗe nama da shi.