Allura Ta Soke Ni, Ga Shi Na Riga Na Zagi Wakilin Ƙungiya

Hajiya Wasila, don Allah ki taimake ni, in na ƙara kwana a haka zan mari wani.

Shara nake yi a wani asibitin kuɗi a nan Safakis, shekara uku ke nan. Akwatunan zuba tsofaffin allurai sun ƙare tun watan jiya. Maimakon a sayo, sai aka ce nas-nas su riƙa zubawa a gorar ruwa. Gora ta cika, wata nas ta jefa allurarta cikin ledar shara. Jiya da hantsi na danna ledar da tafin hannu yadda muka saba don ta ɗauru, allura ta shige min. Ta wane majinyaci ce? Oho.

Na je wurin shugabanmu Si Lutfi hannuna yana jini. Wai in wanke da sabulu in yi shiru, in aka rubuta rahoto masu bincike za su zo, kuma in tuna kwantiragina wata mai zuwa zai ƙare. Mutumin da ko tsintsiya bai taɓa riƙewa ba!

Ga inda na ɗaure kaina. Akwai Baba Munji, tsohon nas, wakilin ƙungiyar ma'aikatan lafiya. Bara ya kawo min takardar shiga ƙungiyar a shagon gahawa, na ce masa a gaban jama'a ƙungiyarsu ta masu farar riga ce, aikinsu ɗaga kwalaye in sun ga 'yan jarida. Na ce na karanta dokar ƙwadago da kaina daga bango zuwa bango, ba na bukatar tsoho mai tumbi ya fassara min. Har yanzu rabin maganata gaskiya ce. Amma jiya na tsaya da dokar nan duka a kaina, Si Lutfi ya kalle ni kamar bokiti. Yau Baba Munji ya aiko in zo. Ban je ba. In je in ce me?

Mai Shara Mai Fushi, Safakis

Ɗana, na riga na kira lambar da ka bari, amma bari in maimaita saboda irinka. Likita tukuna, yau ɗin nan. A gwada jininka, a duba ko kana bukatar maganin kariya, domin bayan kwana uku ba ya wani amfani.

Daga can ka wuce wurin Baba Munji. Ba ka yi ƙarya ba, sau da yawa ƙungiyoyi kan manta da masu shara. Amma Si Lutfi ya san dokar da ka karanta, ba ta ba shi tsoro a bakin mutum ɗaya da kwantiraginsa saura wata guda. Wakili zai raka ka a rubuta abin a matsayin hatsarin aiki, ya ajiye kwafi, ya nemi akwatunan da sunan kowa. In aka ƙi sabunta maka aiki bayan haka, akwai masu tambayar dalili.

Mutumin da ka zaga ya aiko neman ka, ai ya rage maka rabin tafiya. Ka ce ka yi kuskure, kalma uku, kada ka haɗa da lacca. Ka shiga ƙungiyar, ka kai bakin nan naka taronsu, masu shara na bukatarsa a can.

Allah ya sa gwajin ya fito lafiya, ɗana.

Hajiya Wasila