Salatif a Kan Madannin Hagu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina yara, ya ƙafar maigidan? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Albishirinki! An yi mini ƙarin albashi, kuma yanzu ni ne babban mai yanka a maɗaba'armu. Autan da kike cewa ko albasa bai iya yankawa ba, yau shi ke riƙe da injin da ke datse takarda ɗari biyar a sara ɗaya. Sharaɗin dai awa goma sha biyu ne maimakon takwas, bakwai zuwa bakwai, har da Asabar, kuma akwai adadin da sai na cika kafin in tashi. Lahadi kaɗai nake hutawa. A ranar, Baba Mai-wuƙa ne ke kama injin, tsohon nan da ya koya mini aikin.

Da farko adadin ya so ya gagare ni. Injin madanni biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma wuƙar ba ta saukowa sai ka danna su tare, wai don hannuwanka su kasance a waje. Sai na yi dabara: na liƙe na hagu da salatif, hannun hagu na tura takarda, na dama na dannawa. In zan tashi in ɓare abina. Yanzu har rara nake yi.

A gaida kowa da kowa.

Autanki

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya sa albarka a ƙarin.

Na gama gaisuwa, yanzu ka saurare ni. Tun da na karanta takardarka gabana ke faɗuwa, ko wuƙar kicin na ɗauka sai in ji tsigar jikina ta tashi. Wanda ya ƙera injin nan mahaukaci ne da ya sa madanni biyu? Kai ne mai wayon da bai yi ba? Na san ka farin sani, kai ne ka taɓa zuwa makaranta da takalmi wari da wari don barci. Mutumin da ya yi awa goma a tsaye ba shi ke da hannunsa ba. Kada garin neman gira a rasa ido.

Ka ɓare abin nan ka jefar. In adadin bai cika ba, kada ya cika. Ban taɓa jin albashin da ya tsiro wa mutum da yatsa ba.

Ka gaida matarka da Ummi. Allah ya tsare.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri, baban Ummi bai san na rubuto ba.

Ya karanta takardarki ya yi dariya, ya ce kin cika tsoro. Ni kuwa abin da nake gani ba na dariya ba ne. Wata biyu ke nan Ummi ba ta ganinsa sai Lahadi, ranar ma rabinta barci ne. Da cokali a hannu yake gyangyaɗi.

Lahadin da ta wuce da rana Ummi na zane a kan tebur, ta shimfiɗa tafinta a kan takarda. Sai kawai ya zabura ya fizge hannun yana ihu, "Cire! Cire!" Yarinya ta tsorata, har yanzu ba ta yarda ta zauna kusa da shi. Daga baya ya ce mini wani lokacin sai ya ga tulin takarda a yanke a gabansa, bai tuna sanda ya yanka ba.

Na roƙe shi ya koma awa takwas. Ya ce wanda duk ya ƙi sabon tsarin, sunansa ne na farko in an zo rage ma'aikata. Wallahi Yaya, duk sanda waya ta yi ƙara da rana sai in ɗauka daga maɗaba'a ne za a ce ya ji ciwo. Ki sake yi masa magana, ke yana jin nauyinki.

Ki huta lafiya.

Ƙanwarki, maman Ummi

*

Yaya,

Sallama. Ki gafarce ni, ba zan iya doguwar gaisuwa ba.

Ranar Asabar na tashi a gajiye, ban ɓare salatif ɗin ba. Ban ma tuna ba sai da aka kira ni Lahadi da hantsi. Baba Mai-wuƙa ya sa hannu ciki zai daidaita takarda, ya dafa gefen injin da ɗaya hannun kamar yadda ya saba shekara talatin, tafinsa ya hau madannin dama. Yatsu uku, Yaya. Ni na wanke teburin injin da hannuna.

Manaja ya ce tunda ranar Baba ce, Baban ne ya liƙe madannin, ganganci ya yi, saboda haka kamfani ba ruwansa da magani balle diyya. Na je asibiti. Baba ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ci abinci kuwa? Duk ka zabge." Bai tambaye ni komai ba, kuma na san ya sani, don su waye ke taɓa injin in ba ni da shi ba?

In na faɗa, kora ce, ƙila har da 'yan sanda. In na yi shiru, tsohon nan ya tafi a banza. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Auta

*

Auta,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi kuka har na gaji.

Ka je ka faɗa. Ni ma tsoron nake ji, amma in an kore ka, ɗakin baya na nan, ku taho ku uku. Ka tafi da safe, kafin zuciya ta ba ka wata shawarar.

Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin hali.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na je, na faɗi komai.

Manaja ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce bai ji abin da na ce ba, an riga an rufe maganar. Sannan ya ce tunda Baba ba zai dawo ba, ni zan riƙa kama Lahadin, da wani ƙarin a kai. Ya miƙo takardar amincewa da aikin Lahadin, ya ce in sa hannu kafin Asabar.

Tana nan a aljihuna. Maman Ummi ba ta sani ba tukuna. Gobe bakwai ina gaban injin, kuma adadin bai ragu ba.

Ku sa ni a addu'a.

Auta