Kawu Bai Jira Tuwo Ba

Laraba da dare, Yelwa

Barci ya ƙi zuwa. Na dawo daga makaranta da takardun jarrabawar da za a tura Sakkwato gobe, na iske Kawu Manu, ƙanin Innar maigidana, ya zo daga Shanga. Ko wuta ban hura ba. Na yi maza na kwaɗa garin rogo da ƙuli-ƙuli da albasa, don ya taɓa kafin tuwo ya nuna. Ashe ya ɗauka abincin ke nan. Ina cikin tuƙi na ji ya ce, "Malama, Allah ya ƙara buɗi." Kafin in fito ya nufi tasha.

Ƙara buɗi fa! Gobe Inna za ta ji ɗanta ba ya da hatsi. Ga tuwo malmala shida na kallona.